Rabin Aski da Famfon Mai Girma

Jiya da rabin aski na dawo gida. Wanzamin unguwarmu ya gama gefen dama kenan sai lauyansa ya bugo waya, wai an dawo da zaman kotu yau da azahar, in bai je ba za a yanke hukunci a bayan idonsa. Bawan Allah ya ajiye aska, ya kifa mini hulata a ka, ya tari babur. Matata ta yi dariya har da riƙe bango.

Ga waɗanda ba su san laifinsa ba, babba ne. Bara Mai Girma Uban Ayyuka ya zo ya buɗe mana famfo, da makaɗa da masu ɗaukar hoto. Ruwa ya zuba kuwa, daidai lokacin da tankar da aka ɓoye bayan makaranta take nan. Tanka na tafiya famfo ya yi ritaya. Bayan wata shida wanzami, wanda kullum sai ya sayi ruwan wanke kan mutane, ya ɗauki bidiyon famfon a waya yana murɗawa, ya ce, "Jama'a, ko ni kaɗai ne ba na ganin ruwan?"

Bidiyo ya yaɗu, Mai Girma ya kai ƙara, wai wannan tambaya ita ce ɓata suna. Ni dai ban taɓa sanin suna yana da laushi haka ba.

Kuma a yaba wa Mai Girma, ya iya zaɓen kotu. Ya tsallake wadda ke bakin kasuwa, ya samo wata sai an hau mota uku. Sau tara wanzami yana rufe shago ya je, sau tara lauyoyin Mai Girma ba su da lafiya. Allah ya ba su sauƙi. Ai ba a shigar da ƙarar don a ci ba, an shigar ne don mutum ya gaji, masu zuwa aski su koma wani shagon, mu kuma 'yan kallo mu koyi haɗiye magana.

Mun koya kuwa. Shagon da a da ake warware matsalar duniya kafin a gama gyaran gemu, yanzu ƙarar almakashi kawai ake ji. Tela, wanda ya fi kowa dariyar bidiyon, ya rantse mini shi bai ma san akwai famfo a layin ba. Shagonsa na kallon famfon. A jikinsa yake shanya yadi.

An ce wa wanzami ya sa hannu cewa ruwa na zuba, a janye ƙara. Ya ƙi. Da yamma da na koma ya duba gefen hagun kaina, ya naɗe askarsa.

"Malam, lauya ya ce shaida ɗaya kawai nake bukata ranar Litinin. In babu, shagon nan ya rufu."

"To, ƙarasa mini tukuna, sai mu yi maganar."

"Sai mun dawo. Mutum goma na ƙarasa wa, duka sun mance hanyar kotu."

Kunya ta kama ni, don da ni ne na goma sha ɗaya. Saboda haka Litinin zan hau mota uku da hula har kunne, in faɗi abin da idona ya gani.

Lauyoyin Mai Girma kuma, in sun samu sauƙi har suka karanta wannan, su shaida ban ce famfo ba ya aiki ba. Yana aiki sosai. A tambayi tela.