Hular Kaka a Kan Murtsunguwa

"Lafiya lau, sai ciwon gwiwa. Ke kuma amarya, me ya kawo ki da sassafe da kwali a hannu?"

Kaka ya san amsar. Shekara biyu ke nan da jikarsa ta rataye masa tukunyar wata murtsunguwa a barandar bene, rassanta na zubowa ƙasa kamar igiyoyi. Tun da ya bar gona ya dawo gidan ɗansa, ita kaɗai ta rage masa abin ba wa ruwa. Sai dai ko da wasa bai taɓa yabonta ba. Yanzu jikar ta samu nata gidan, ta zo ɗaukar abinta.

"Na zo raba ka da ƙaya, angona. Ba kai ke cewa ta tare maka iska ba?"

"Ta tare mana! Shekara sittin ina noma, ban taɓa ganin shuka mai girma kai ƙasa ba. Halinki ta ɗauko."

"A dazuzzuka masu ruwan sama take fitowa, a kan rassan manyan itatuwa. Ƙafarta ba ta taɓa ƙasa."

"Ashe 'yar cin arziki ce, tana zaune a wuyan wani. Na ce halinki ne."

"Kai fa, wuyan wa kake zaune? Kuma ina hularka? Sanƙon nan ya kashe min ido tun daga matakala."

"Iska nake sha. Miji kamata ai sai an yi layi."

"Layin masu neman haƙora? Matsa in sauke ta."

"Ba za ta shiga kwalin nan ba."

"Za ta shiga."

"Tana da kishi, ba ta son baƙon wuri. Ni ta gaya wa."

Jikar ta kai hannu cikin rassan, sai ta tsaya. Ga hular Kaka an kifa a kan wani reshe, an ɗaure da zaren rawani. Ta ɗaga. A ƙarƙashi ɗa ne guda ɗaya da murtsunguwar ta yi, jajir, ko tsuntsu bai taɓa shi ba.

"Kaka! Kai da ko ƙofar gida ba ka leƙawa ba hula?"

"Shanya ta na yi."

"Da ɗauri?"

Tsoho ya kau da kai, kunya ta kama shi. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Kwana tara ke nan. Tsuntsayen nan ba su da mutunci."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta mayar da hular yadda take, ta gyara ɗaurin a hankali.

"Na sallama, ka ci. Riƙe abarka."

"Jibi zai nuna. Ki zo da wuƙa mu raba, in kin makara na cinye da dasashina."

Ta sunkuya za ta ɗauki kwalin, ya danne shi da sandarsa.

"Bar shi nan. Ki samu abin dawowa ɗauka."