Ranar da Famfona Ya Yi Gyatsa

Ba zan taɓa mantawa da yadda rijiyar kawuna ta tona mini asiri a gaban malamina ba.

Aikina na shekarar ƙarshe a jami'a a kan famfon da ke ɗago ruwa da iska ne. Za ka zura bututu cikin rijiya, ka hura masa iska ta ƙasa, kumfa ta cakuɗe da ruwan, nauyinsa ya ragu, sai ya hau sama. Nawa aikin shi ne in faɗa da lissafi, tun kafin a tada inji, yawan ruwan da zai fito. Na cika littattafai uku. (Ni ne mai ja layi da rula ko a takardar da zan yar.) Malam ya ce ba zai sa hannu ba sai ya ga ruwa da idonsa. In bai sa ba kuwa, sai baɗi.

Muka tafi lambun Kawu a Wamakko da injin iska da na aro wajen wani mai faci a Gidan Dare. Ashe Kawu ya tara maƙwabta, wai su zo su ga aikin injiniya. Na gyara tabarau, na ajiye jarka, na sanar cewa za ta cika cikin minti ɗaya da rabi.

Aka tada inji. Bututu ya yi ƙugi, ya yi wata doguwar gyatsa, ya tofo ruwan da bai isa kurkure baki ba. Malam ya dubi agogo. Wani tsoho ya tambaya cikin ladabi ko a kawo guga a taimaka wa injin.

Kawu ya matso. "Injiniya, yaushe ka auna ruwan rijiyar ga?"

Na ce a watan Agusta, har sau biyar.

"Da damina ke nan. To, bazara muke. Ruwan da ka yi ma lissahi, albasa ta shanye shi tuntuni."

Aka kwashe da dariya. Abin takaicin shi ne, aikin gaba ɗaya ya dogara ne da tsawon bututun da ya nutse cikin ruwa, kuma ni na rubuta haka a shafin farko, har da jan layi.

Na karɓi igiyar guga na sake awo, na zauna a ƙasa da kalkuleta. Sai ga lissafin ya nuna cewa a wannan zurfin ruwa ba zai fito ba. Wato shi bai yi ƙarya ba, ni ne na ba shi tsohon labari. Muka ƙara bututu, na ce yanzu minti biyu da daƙiƙa goma.

Aka sake tadawa. Da na ji shiru, sai na leƙa bakin bututun (kada ku tambaye ni dalili). Ruwa ya dake ni a fuska, tabarau ya faɗa cikin albasa. Haka na lallaba na tara jarka, ina ɗiga, ba na ganin kowa.

"Minti biyu da daƙiƙa goma sha biyu," in ji Malam. A kan bonet ɗin motarsa ya sa wa aikina hannu, Kawu na gaya wa jama'a dama ya san yaron.

Tun daga ranar na gane littafi bai san damina da bazara ba. Yanzu kafin in taɓa kalkuleta sai na tambayi mai rijiya, kuma duk shirun da bututu zai yi, daga nesa nake saurarensa.