Ƙugiyar Malam Jatau

A wani gari da ake kira Ba-Komai, an yi wani malamin Hausa mai suna Malam Jatau. Shekara ashirin da takwas yana yaƙi a kan abu guda: ƙugiyar da ake sa wa k da d da b. Saura shekara biyu ya yi ritaya, burinsa kawai ya kai lafiya.

Masu mulkin garin suna kiran kansu Majalisa ta Ƙasa, don a ganinsu duniya ta tsaya ne a bakin tasha. Wata rana Wazirin Ƙaddamarwa ya zo makaranta da almakashi, ya ce daga yau za a koyar da harshe ta bulog, wato shafin intanet inda ɗalibi zai yi rubutu, jama'a su yi sharhi a ƙasa.

"Ranka ya daɗe, ajin babu rufi," in ji Malam Jatau.

"Madalla. Sabis zai fi shigowa."

Aka yanka zare, aka tafi da almakashin.

Abin mamaki, bulog ya yi aiki. Ɗaliban da ba sa iya cika layi uku suka koma rubuta shafi guda, tunda yanzu kawunansu na karantawa, ba jan biron Malam kaɗai ba. A Kasuwar Ya-Tashi, mahauta ma suna gyara wa yara nahawu. Malam ya yi ƙiba kaɗan. Mai ba ku labarin nan ma ya taɓa yin sharhi, wata 'yar aji biyu ta gyara masa kuskure huɗu, bai sake ba.

Sai Majalisa ta aiko da takenta a sa a saman shafi: "Mun zo mu kare ku." Malam ya ba Ladidi, ɗalibar da ta fi kowa ƙwazo, ta buga. Ita kuwa an raine ta a kan cewa k marar ƙugiya abar tuhuma ce. Ta buga: "Mun zo mu ƙare ku."

Kafin azahar sharhi ya cika. Wani mai kayan miya ya rubuta, "Sai yau aka rubuta shi daidai." Wata mai ƙosai ta ce, "Allah ya yi wa malaminku albarka."

Aka kira Malam Jatau gaban Majalisa. Ya tafi da takalminsa a hannu.

"Wa ya sa yarinya ta sa ƙugiya?" in ji Waziri.

"Koyarwata ce ta yi yawa, ranka ya daɗe."

"To ya daidai yake?"

Malam ya tuna shekara biyun nan. "Duk yadda kuka nufa."

Sarkin Bincike ya duba shafin a juye, ya ce shi dai ya ga abin da ya lanƙwashe, kuma duk abin da ya lanƙwashe yana da manufa. Aka kafa kwamiti, ya zauna kwana tara, ya ci raguna uku, ya gano cewa ba yunwa ke damun gari ba, ƙugiya ce. Aka haramta ta. Tela ya daina ɗinki ya koma dinki, masu ɗaki suka wayi gari da daki. Masunta suka aiko tambaya ko dokar ta shafe su.

Aka ce Malam zai tsira da aikinsa in ya rubuta yabo a bulog, da sunan Majalisa a sama da manyan baƙaƙe, ba ƙugiya ko ɗaya. Ya zauna ya buga. Ya karanta abin da ya fito. Ya koma wurin Waziri.

"Ranka ya daɗe, a nan kam da an bar mini guda ɗaya."

"Ka fara ko?"

"Guda ɗaya tak. Don ku."

"Doka ba ta da don ku. Kawo in sa hannu."

Ya sa hannu, shugaban Majalisa, Sarki Sai-Godiya, ya buga hatimi, aka saki shafin: MAJALISA TA KASA.

Malam Jatau ya kwashe littattafansa a buhu, ya zauna jiran takardar kora. Kwana bakwai ba ta zo ba. A na takwas aka ƙara masa girma, don tunda aka kafa garin ba a taɓa samun sanarwar Majalisa da jama'a suka amince da ita haka ba. Mutum dubu huɗu sun karanta, har da mahautan nan masu gyaran nahawu, kuma ba wanda ya ga kuskure.