Ƙwallon da Ta Faɗa Kofin Odessa

A unguwarsu ta birnin Toledo na Amurka ba wanda bai san labarin kofin Odessa ba. Tun rasuwar mijinta take zuwa filin besbol, wasan bugun ƙwallo da sanda, da tsohuwar safar hannunsa ta fata ta cafe ƙwallo, ko wata rana ƙwallo ta kauce ta faɗo cikin 'yan kallo ta cafke. Ranar da Allah ya kawo ƙwallon har kujerarta, ta ajiye safar a cinya, ta juya tana yi wa na kusa da ita bayanin cewa zari-ruga ba wasa ba ne, dambe ne da hular kwano. Ƙwallon ta faɗa tsulum cikin kofin lemonta, ta yi mata wanka, ta gangara wani ya tsince. Aka yi ta maimaita abin a babban allon filin.

Yau Lahadi, wasan ƙarshe na bana. Likita ya hana ta tuƙi saboda ido, gwiwoyinta kuma sun gaya mata baɗi ba za su sake hawa matakalar filin nan ba. In ba ta je yau ba, shi ke nan. Tana zaune a baranda, safar na cikin jaka, sai ga jikanta Terrence, wanda ya yi zari-ruga a makaranta, yake kuma zuwa kallonsa duk Lahadi a talabijin ɗinta.

"Sannu, tsohuwa. Ashe kina nan? Na ɗauka gidan tarihi sun zo sun ɗauke ki."

"Ina nan, maigida marar cefane. Me ka riƙo?"

"Fukafukan kaza. Na masu haƙori ne."

"Ajiye su. Fili za ka kai ni."

Terrence ya dafe ƙirji, ya ce ƙungiyarsa za ta buga yanzun nan, shi kuwa ba zai bar wasan maza ya je ya kalli ƙatti sun bazu a ciyawa suna tauna cingam suna jiran la'asar ba. Wai rannan da ta ja shi can, kafin a tashi gemu ya fito masa.

"Gemun ina? Wannan 'yar ciyawar akuyar?" in ji Odessa. "Ku fa naku? A ruga taku kaɗan, a zube a kan juna kamar kayan wanki, a tashi a haɗa kai a yi taro. Ni ban taɓa ganin wasan da shawara ta fi aiki yawa ba."

"Aƙalla mu ba ma barci."

"Ina za ku yi barci, kai na ciwo? Mu namu wasan ya san darajar manya. Ana tsaka da shi ake cewa kowa ya tashi ya miƙe ƙafa, a yi waƙa."

"Ai don a gane waɗanda suka cika a zaune ne."

Dariya ta kusa ƙwace mata, ta danne. Ta ce to ya je ya kunna talabijin ɗinsa, ita za ta bi motar haya, dama an gaya mata auren yaro ba ya ƙarko. Ta yunƙura za ta miƙe, gwiwa ta ƙi, ta koma ta zauna tana gyara jaka kamar dama abin da ta yi niyya ke nan.

Terrence ya gani. Ya dubi bakin safar kakansa da ya leƙo daga jakar, ya dubi ƙofar falo. Sai ya zaro makullin mota.

"Tashi mu je, kada a ce na saki mata a kan talabijin. Amma da sharaɗi: ba za a saya miki lemo ba."

Ya ba ta kafaɗa ta dafa, suka sauka a hankali. A bakin mota ta ciro safar ta cusa masa a hannu, ta ce ya riƙe, idonta ba ya ganin abin da ke tafe ta sama yanzu.

"Ni ban iya wannan abin ba, Kaka. In ƙwallon ta sake zuwa fa?"

"To me ya sa ka ga na zaɓe ka? Shekara da shekaru kana karo da wannan ƙaton kan a banza. Yau in ta taho, ka tara mata kan."