Tagogin Alhajin Ƙonni

Laifina ne, na amsa. Lokacin da nake walda a Illela na gaji da aune-aune, sai na ƙera wani ma'auni: ka ɗora ƙarfe, ka yanke, ba tunani.

Wani Alhaji daga Ƙonni ta Nijar ya kawo ƙarfensa da awon tagogin makarantarsa. Yayana ya ce in tambaye shi irin awon. Na ce, "Ma'aunina ba ya tambaya."

Na yanke duka da inci, ashe su can da santimita suke awo. Tagogin suka fito manya-manya.

Alhaji ya dubi tagogin ya ce, "Wanga fa? Raƙuma za ni koya ma karatu?"

Har yau Mai Tagar Raƙumi ake kirana. Ranar dai durƙusawa na yi na ce, "Alhaji, ka gafarce ni. An faɗa mini, ni na ƙi ji."