Ranar Da Na Saki Hannu Biyu A Kogin Haɗeja

Ba na jin zan taɓa mantawa da yammacin da na tashi nuna wa Haɗeja gwanintata a kan ruwa. Ko na so in manta ma, bidiyon yana nan a wayoyin mutane.

Ni tsohon ɗan acaɓa ne. Wani Alhaji mai harkar shinkafa ya sayo baburan ruwa guda biyu (irin waɗanda ake gani a talabijin suna tsalle a kan teku), ya ce za a yi wasa da su a bakin kogi ranar bikin ɗansa. Da aka zo neman matuƙa, ni na fara ɗaga hannu. A ganina babur babur ne, taya ce kawai babu.

Wanda ya koya mana wani mutumin Filato ne, Oga Bulus, ya daɗe yana wannan aiki a Legas. Ba ya dariya. Kullum kafin mu hau sai ya maimaita mana dokoki kamar 'yan firamare. A sa rigar ceto. Kada a ƙetare jarkokin da ya jera a ruwa don raba mu da 'yan kallo. Sai kuma wata jar igiya, gefe ɗaya a jikin babur, ɗaya a wuyan hannunka. In ka faɗi, ta fizge, inji ya mutu nan take.

"In na ga hannu ba igiya, ka gama hawa," in ji shi.

Ni kuwa igiyar nan ta ishe ni. Duk lokacin da na ɗaga hannu a wurin gwaji sai ta fizge, babur ya mutu a tsakiyar ruwa, abokan aiki su yi ta sheƙa dariya. Haba! Ni da nake sakin hannu biyu a kan hanyar Kaugama da fasinja a baya?

Ranar wasa bakin kogi ya cika maƙil. Can bayan jarkoki na hango Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata, masunci ne a Auyo. A kwale-kwalensa ya zo, kuma a tsaye yake don kada wani ya tare masa. Daga baya na ji cewa duk wanda ya matso sai ya ce masa, "Ka ga mai jan babur ɗin can? Ɗan yayata ne."

Da na yi nisa da idon Oga Bulus, sai na zare igiyar daga hannuna na naɗe ta a kan babur, kamar yadda kowane ɗan acaɓa ke ɗaure makullinsa don kada ya faɗi a gargada. Na haɗa har da totur na ɗaure tam, saboda in na saki hannu gudu ba zai ragu ba. (A lokacin har yaba wa kaina na yi, wai na yi dabara.) Na miƙe tsaye, na buɗe hannu biyu, na ɗaga ƙafa ɗaya. Ban ankara ba sai na ji ni tsundum a cikin ruwa.

Rigar ceto ta taso da ni, na ji ihu ya cika kogin. Jama'a, wallahi na ɗauka tafi ake yi min. Sai na washe baki, na ɗaga hannuwa ina gaishe su, ina juyawa dama da hagu kamar ɗan takara. Mata na salati, maza na nuna bayana, ni kuwa ina ƙara ɗaga hannu. Ban waiwaya ba sai da na ji ƙarar katako ya tsage.

Babur ɗin ya tafi shi kaɗai, ya ratsa jarkoki, ya daki kwale-kwalen Kawu a tsakiya. Masunta ne suka tsamo Kawu. Ƙugunsa ya karye.

A bidiyon duk an haɗa mu: ni a gaba ina murmushi, shi a baya yana nutsewa. Oga Bulus bai zage ni ba, ya cire min rigar ya wuce. Da ya mare ni da ya fi min sauƙi.

A asibiti na durƙusa gaban gado na kasa ɗaga kai. Mahaifiyata ko kallona ba ta yi ba. Kawu ne ya yi magana, a hankali saboda zafi.

"Yaro, na ga ka ɗaga ƙafar nan. Ta yi kyau."

Nan na fashe da kuka, ƙato da ni, a gaban majinyata.

Ƙashin ya haɗu a karkace. Kawu ba ya iya tsayawa a jirgi yanzu, balle ya jefa taru, kuma gidansa ba su da wata sana'a. Shi ya sa na koma Auyo. Ni nake jefa masa, shi yana zaune a baya yana faɗa cewa hannuna kamar na kuturu. Kifin da nake kamawa bai kai rabin nasa ba.

Abin da na koya shi ne, in ka karya doka don a kalle ka, ba lallai kai za a kwantar ba. Ni ko ƙwarzane ban yi ba, wanda ya zo tafa min ne yake tafiya da sanda.