Cindo da Sabon Maganin Ɓera

A Unguwar Kuka an yi wani Cindo, ga gemu har ƙirji, amma abin da aka ce masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. Daga shi sai uwarsa Inna Dije, sai kaji da kyanwa, sai rumbun gero guda wanda shi zai kai su kaka. Ɓeraye kuwa sun sa rumbun nan a gaba.

Wata rana Malam Sabi'u, mai binciken maganin ɓera, ya zo daga birni da wasu ƙwayoyi da suke gwadawa. Ya ba Cindo ƙulli, ya ce ya zuba inda ɓeraye suka fi cin abinci. Cindo ya san wurin sarai: kaskon dusar kaji. Kafin la'asar akurki ya yi tsit. Inna ta zauna bakin ƙofa tana share hawaye, abin tausayi.

Wata rana Malam ya ce kada a taɓa mushen ɓera sai ya zo ya duba. Cindo na tsaye kyanwa ta sure ɗaya, ya zuba mata ido har ta cinye.

"Inna, in na ƙwace, ai na taɓa."

Kyanwa ta bi kaji, ɓeraye suka samu sake.

Wata rana Malam ya kawo wani maganin wanda ya fi ƙarfi, ya raba gida-gida, ya ce a sa a ƙarƙashin rumbu. Inna, don tsoron awakin maƙwabta, ta ce wa Cindo ya ajiye shi inda mai rai ba zai kai ba. Cindo ya ga ai ɓera ma mai rai ne. Ya tafi bayan dutse, ya haƙa rami har wuyansa, ya binne. Mutane suka yi ta dariya, ɓeraye suka ci gaba da gero.

Ashe wannan maganin ba ya kisa nan take. Sai ɓerayen sauran gidaje suka riƙa jan ƙwayoyin suna ɓoyewa cikin hatsi. Ciwon ciki ya kwantar da gidaje, har aka kai wani dattijo, Baba Audi, makwancinsa. Malam ya dawo jiki a sanyaye, ya ce a ƙone duk rumbun da aka sa wa magani. Hayaƙi ya turnuƙe garin.

Rumbun Inna kaɗai ya tsaya, rabi gero rabi kashin ɓera. Matan da suka yi dariya suka zo da ƙorai, ba mai iya ɗaga ido. Cindo na miƙo musu zangarniya daga cikin rumbu, sai ya leƙo.

"Inna, ɓera dai ya bar mana rabi."